Ko rezo ya ɗauke, aiki bai tsaya ba: layi ɗaya da mai koyon gina shafin intanet zai riƙe

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumin Ramadan, mutanen Abijan suka wayi gari intanet ta yi ɓatan dabo. Manyan igiyoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a kusa da gaɓar ƙasar nan. Abin ya taɓa Gana da Laberiya da Benin da Burkina Faso da Najeriya, amma Kodebuwa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙungiyar NetBlocks mai sa ido kan intanet ta ce da safiyar ranar, abin da ya rage na haɗin ƙasar bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Sai da aka kwashe makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su gama aikinsu.

Shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 2023, rigimar kuɗin data ce ta tashi. Orange da MTN da Moov suka rage yawan datar da mutum ke samu da kuɗinsa, jama'a suka yi ca, aka yi ta kiran a ƙaurace musu, har sai da hukuma ta sa baki aka dakatar da matakin. Darasin abubuwan nan biyu ɗaya ne: intanet a garin nan tana da tsada, kuma tana iya tafiya ba sallama.

Wanda wannan ya fi cizo shi ne yaro ko yarinya mai koyon gina shafin intanet. Muna da su a Adjamé, muna da su a Treichville. Wani ɗalibi ne a ESATIC, makarantar fasahar sadarwa da gwamnati ta kafa a 2012 a nan Treichville. Wani kuwa a shagon gyaran waya na yayansa yake wuni, da daddare ya kunna tsohuwar kwamfutar da aka sayo a Black ya bi darasi a YouTube. Da yawansu sun ɗauka cewa shafi ba ya gwaduwa sai an ɗora shi a intanet, an biya kuɗin masauki, an ƙona data. To, ba haka ba ne. Akwai umarni mai layi ɗaya da ke mai da kwamfutarka ƙaramar saba cikin daƙiƙa biyu, ba ko dala, ba rezo. Sai dai layin nan ƙofa yake buɗewa, kuma duk mai buɗe ƙofa ya kamata ya san wa zai shigo da abin da zai tarar.

Mece ce saba?

Kowa a Abijan ya san teburin garba, aceke da soyayyen kifi, abincin da ya samo sunansa daga 'yan uwanmu mutanen Nijar da suka shahara da sayar da shi. Ka zo, ka faɗi abin da kake so, mai garba ya ɗebo daga abin da ke gabansa ya miƙo maka. In ka tambayi abin da babu, ya ce babu. Aikin saba ke nan. Burauzarka, ko Chrome ce ko Firefox, ita ce mai saye. Ta aika buƙata, saba ta miƙo fayil. Harshen da suke ciniki da shi sunansa HTTP, wanda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba tsakanin 1989 da 1991.

Shafuka iri biyu ne. Akwai tsayayyu, waɗanda fayilolinsu a shirye suke tun farko: HTML mai ɗauke da rubutu, CSS mai kula da ado, JavaScript mai sa motsi, sai hotuna da sauti. Duk wanda ya zo, abu ɗaya za a ba shi, kamar aceken da ke cikin roba. Akwai kuma masu canzawa, irin su Facebook ko shafin banki, inda sai saba ta duba ko kai wane ne, ta leƙa rumbun bayanai, sannan ta ɗinka maka shafinka kai kaɗai, kamar tela da awo.

Mafi yawan aikin da mai koyo zai fara samu a unguwa tsayayye ne: shafin shagon atamfa da shadda, jerin farashin wayoyi, jadawalin lokutan salla na masallaci, sanarwar makarantar Islamiyya, katin gayyatar ɗaurin aure. Duk waɗannan ba sa buƙatar babbar saba. Ƙarama ta ishe su.

Me ya sa danna fayil sau biyu bai wadatar ba?

Mai karatu zai ce, ai in na danna index.html sau biyu yana buɗewa. Gaskiya ne, kuma a kwanakin farko na koyo hakan ya isa. Amma ka dubi adireshin da ke sama, za ka ga ya fara da file:// maimakon http://. Wato burauza ta ɗauko takarda ce kawai daga cikin kwamfutarka, ba ciniki da saba aka yi ba. Kuma saboda tsaro, burauza tana ɗaure wa irin wannan shafin hannu, don kada wani mugun fayil ya riƙa karanta abin da ke cikin na'urarka.

Daga ranar da aikinka ya ɗan girma, za ka fara cin karo da bango. Ka ajiye farashin kaya a fayil ɗin JSON, ka ce JavaScript ya ɗauko da fetch, sai ka ga allo fari fat, da jan rubutu mai ambaton CORS. Ka raba kod ɗinka gida-gida da import, ya ƙi tashi. Ka rubuta hanyar hoto ta fara da alamar /, burauza ta tafi nemansa a gindin faifan kwamfuta maimakon cikin aikinka. Dabarar nan da ke sa shafi ya ci gaba da aiki a waya ko babu data, ita ma ba ta yarda da file:// sam. Yara nawa ne suka kwana suna gyara kod ɗin da ba shi da laifin komai, alhali saba kawai yake nema?

Ga layin

A ce ka ajiye aikinka a dosiye mai suna shago, wato jakar da fayilolin suke ciki. A Windows, buɗe dosiyen, ka danna wurin adireshi a sama, ka goge abin da ke wurin, ka rubuta cmd, ka buga Entrée. Baƙar taga za ta buɗe, kuma tana tsaye a cikin dosiyen daidai. Kada baƙin ya tsorata ka, wurin ba kwamfuta umarni a rubuce ne kawai. Sai ka rubuta:

py -m http.server

A Linux ko Mac kuwa, ka buɗe taminal a cikin dosiyen ka rubuta:

python3 -m http.server

Shi ke nan. Zai gaya maka yana sauraro a lamba 8000. Ka je burauza ka rubuta localhost:8000, ga shafinka nan da http:// a gabansa. In ka gama, ka koma baƙar tagar ka danna Ctrl da C tare, saba ta mutu.

Kalmar localhost na nufin “ni kaina”, wato kwamfutar da kake kai. Lambarta 127.0.0.1, kuma saƙon da aka aika mata ba ya fita waje ko taku ɗaya, shi ya sa ba ruwansa da Orange ko MTN. Lambar 8000 kuwa ƙofa ce. Kwamfuta kamar babban gidan haya take mai ƙofofi 65,535. Shafukan duniya suna amfani da ta 80 da ta 443, masu gwaji kuma sun saba da 8000 da 8080 da 3000. In aka ce maka ƙofar na hannun wani, galibi wata saba ce ka manta ba ka kashe ba. Ka kashe ta, ko ka ƙara lamba a ƙarshen layin, kamar 9000, ka shiga ta can.

Abin da ake buƙata shi ne Python, harshen da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Ubuntu na zuwa da shi. A Windows sai ka sauko da shi sau ɗaya daga python.org, nauyinsa wajen mega 30, kuma fayil ɗin da mutum ɗaya ya sauko zai iya zagaya aji guda a kile. Ka kwatanta da XAMPP ko WampServer da aka saba ɗora wa ɗalibai, masu nauyin sama da mega 100, da Apache da rumbun bayanai a ciki. Suna da ranarsu, amma don shafi tsayayye kamar ka yi hayar tirela ne ka kai buhun albasa guda.

Abubuwa biyu su kan kayar da sababbi. In ka ga darasi ya ce python -m SimpleHTTPServer, tsohon yayi ne na Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Na biyu, ka rubuta umarnin da hannunka. In ka kwafo daga Word ko daga saƙon waya, wani lokaci ƙaramin layin nan na - yakan rikiɗe ya zama dogo, kwamfuta kuma ba ta san dogon ba. A allon rubutu na AZERTY da muka fi samu a nan, yana kan maɓallin 6.

In ba Python gare ka ba

Wanda yake da PHP a kwamfuta, tun fitowar PHP 5.4 a 2012 akwai saba a cikinsa:

php -S localhost:8000

Amfaninsa shi ne yana gudanar da fayilolin PHP ma, don haka yana raka ka har zuwa lokacin da ka fara shafi mai canzawa.

Masu Node.js suna da npx http-server, mai buɗewa a 8080, da npx serve, mai buɗewa a 3000. Akwai kuma live-server, wanda da ka adana gyara sai burauza ta sabunta kanta. Masu rubutu a VS Code sun san ɗan uwansa Live Server, mai amfani da 5500. Amma a lura: npx yana fara sauko da kayan ne daga intanet. In kana so ka same shi ranar da babu rezo, ka girka shi tun yau da npm install -g http-server.

Ɗaliban da ake koya wa Java su ma ba a bar su a baya ba. Daga Java 18, wadda ta fito a Maris 2022, kalma ɗaya ce, jwebserver, kuma a 8000 take buɗewa.

Wanda ba shi da kwamfuta fa? Wayar Android ma tana yi. Ka sauko da Termux daga F-Droid, ka rubuta pkg install python sau ɗaya lokacin da kake da data, ka ba shi izinin ganin fayilolinka da termux-setup-storage. Daga nan ka shiga dosiyen aikin da cd, ka rubuta python -m http.server, ka buɗe localhost:8000 a Chrome na wayar. Rubuta kod da babban yatsa ba daɗi, amma da babu gara ba daɗi.

Daga kwamfutarka zuwa wayar Hajiya

Inda abin ya fi amfani ga mai neman na kansa shi ne wajen nuna wa mai aiki. Mu ɗauka wata Hajiya mai shagon atamfa a Forum na Adjamé ta ba ka aikin shafi. Masu sayen kayanta a waya za su gani, ita ma a waya take son gani. In ka nuna mata a faffaɗan allon kwamfuta, ba ta ga abin da abokan cinikinta za su gani ba.

Ga yadda ake yi. Ka kunna rabon haɗi a wayarka, abin da menu na Faransanci ke kira point d'accès. A galibin wayoyin Android yana tashi ko data a kashe take, domin ƙaramar hanya ce kawai tsakanin na'urorin da ke kusa. Ka haɗa kwamfutarka da shi, ka haɗa wayar Hajiya. A baƙar taga ka rubuta ipconfig in Windows ce, ko hostname -I in Linux ce, ka ga lambar da kwamfutar ta samu, galibi mai farawa da 192.168 ko 10. A ce 192.168.1.20 ce. Ka tada saba, a wayar Hajiya ka rubuta 192.168.1.20:8000. In Windows ta tambaye ka ko ta bar Python ya wuce katangar tsaro, sai ka amince, in ba haka ba wayar ba za ta same shi ba.

“Hajiya, ga shi, ki taɓa da kanki.”

“Ɗana, rubutun nan ya yi ƙanana, ni ba na gani. Kuma ina hoton shaddar nan mai ruwan toka?”

Nan take ka gyara, ta ja allo ƙasa, ta ga gyaran. Gani ya kori ji. Abin da da zai ci kwana uku ana aike-aiken hoto a WhatsApp, ya ƙare a zama ɗaya, ba a ci datar kowa ba. Ka kuma ga yadda shafin yake a wayar gaske mai ƙaramin allo, irin wadda ta fi yawa a hannun jama'a.

Abu ɗaya ne ba zai yi ta wannan hanyar ba. Burauza tana ɗaukar localhost a matsayin wuri amintacce, amma ba ta yi wa 192.168 wannan alfarmar. Don haka kyamara da gano wurin da mutum yake za su yi aiki a kwamfutarka, su ƙi a wayar Hajiya. Maganinsa ga wanda ya ɗan yi nisa shi ne ya haɗa wayar Android da igiyar USB ya yi amfani da adb reverse tcp:8000 tcp:8000, sai wayar ta riƙa ganin sabar a matsayin localhost.

Malami ma zai mori wannan. Ɗalibai ashirin, dosiyen darasi ɗaya: a maimakon kile ya yi ta yawo yana kwasar ƙwayar cuta daga wannan kwamfuta zuwa waccan, malam ya tada saba, ya rubuta lambar a allo, kowa ya ɗebi nasa.

Tarkunan da suka fi kama mutane

Na farko shi ne aron kaya daga waje. Yawancin darussa suna cewa ka manna layin da ke jawo Bootstrap ko jQuery ko haruffan Google Fonts daga intanet. Ranar da rezo ya ɗauke, sabarka tana aiki lafiya, amma shafin ya fito tsirara ba ado. Ka sauko da fayilolin nan ka ajiye su cikin dosiyen aikin, ka nuna wa shafin hanyarsu ta gida.

Na biyu, ka yi gyara amma burauza ta nace kan tsohon. Tana ajiye kwafi ne don sauri. Shi http-server ma cewa yake a riƙe kwafin har daƙiƙa 3600, awa guda cur, sai in ka ƙara masa -c-1 a ƙarshe. A ko'ina dai Ctrl da F5 na tilasta wa burauza ta ɗauko sabo.

Na uku namu ne na Hausawa. Ka rubuta ƙasa da ɗaki da ɓera, ko é da è na Faransanci, sai su fito wasu tarkacen alamomi. Sabar Python ba ta gaya wa burauza tsarin haruffan fayil ɗinka, kai ne za ka faɗa. Ka sa <meta charset="utf-8"> a saman kowane shafi, ka adana fayil ɗin a UTF-8. In akwai Larabci ko ajami, ka ƙara dir="rtl" a wurin don rubutun ya taso daga dama.

Na huɗu, manya da ƙananan baƙaƙe. A wurin Windows, Logo.PNG da logo.png abu ɗaya ne. A wurin Linux, wanda mafi yawan sabobin duniya ke kai, fayil biyu ne daban. Shafi ya yi kyau a gida, a ɗora shi hotuna su ɓace. Ka saba da sa wa fayil suna da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba wasali mai hula.

Na biyar ya shafi masu shafin karatu da tafsiri. Sabar Python ba ta iya miƙo yankin fayil, sai dai duka daga farko. Saboda haka sau da yawa in ka so tsallakawa tsakiyar sauti ko bidiyo mai tsawo, sai ya ƙi. Laifin ba na kod ɗinka ba ne. Ka gwada da http-server, shi yana iyawa.

Kuma ka riƙa kallon baƙar tagar yayin da kake aiki. Duk buƙatar da ta shigo tana rubuta ta da lamba: 200 an samu an bayar, 304 wanda ke hannunka bai canza ba, 404 babu. Yawancin hoton da ya ƙi fitowa, amsarsa tana nan a rubuce.

Ƙofa a buɗe, amana a ciki

Nan ne ya kamata a nutsu. Abin da ya sa wayar Hajiya ta iya shiga shi ne, Python da http-server suna buɗe ƙofa ga duk wanda ke kan hanya ɗaya da kai, sai in ka hana. A ɗakinka, kan rabon haɗin wayarka mai kalmar sirri, ba damuwa. Amma a siber, ko a wifi na makaranta, ko na otal, ko na gidan haya da maƙwabta goma ke rabawa, duk wanda ya laluba ya gano lambarka zai iya shigowa. Ba a tambayar suna, ba a tambayar kalmar sirri.

Me zai gani? Duk abin da ke cikin dosiyen da ka tada sabar, har da na ƙarƙashinsa. In babu index.html, Python jera masa sunayen fayilolin zai yi ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda yake so. In ma akwai, wanda ya san sunan fayil ko ya canka zai iya ɗauka.

Yanzu ka tuna abin da ke cikin kwamfutar yaron da ya iya na'ura a unguwarmu. Shi ake kawo wa katin shaida ya yi sikan. Shi ke cike wa kawu takardun aikin Hajji, fasfo da hoto da komai. Katin ofishin jakadanci na baƙi, takardar haihuwar ƙanne, rasit na Wave da Orange Money, duk suna zube a Téléchargements ko a kan Bureau. In ya buɗe baƙar taga bai duba inda take tsaye ba, ya tada saba a babban dosiyensa, to ya shimfiɗa takardun mutane a bakin titi. A garin da kowa ya san aikin 'yan damfarar intanet, hoton katin shaida guda ya isa a yi rajistar layi ko a ci bashi da sunan bawan Allah. Doka mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yunin 2013 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma tun kafin doka, mu mun san hukuncin amana.

Rigakafin ba wuya. In kai kaɗai kake gwaji, ka kulle ƙofar ta ciki:

py -m http.server --bind 127.0.0.1

Da wannan, ba wanda zai shiga sai kwamfutarka. A http-server, -a 127.0.0.1 ke yin haka. Umarnin PHP da muka kawo a sama a kulle yake tun da localhost aka rubuta, haka ma jwebserver a kulle yake zuwa. Sannan ka faɗa wa saba dosiyen da kake nufi ƙarara, kada ka dogara da inda taga ta tsaya. Tun Python 3.7 na 2018 ana iya ƙara --directory shago. Kowane aiki da dosiyensa, kuma kada takardar kowa ta kwana a ciki, ko kalmar sirri, ko kwafin rumbun bayanai. In ka buɗe don nuna wa mai aiki, ka yi a kan rabon haɗinka, kuna gamawa ka danna Ctrl da C.

Inda iyakarsa take

Masu Python da kansu sun rubuta gargaɗi a bayanin http.server cewa ba a yi shi don ɗaukar shafin gaske mai hulɗa da jama'a ba, kuma masu PHP sun faɗi irin haka game da nasu. Ba su da ɓoye saƙo irin na https in ba ka yi wani shiri daban ba, ba a gina su don cunkoso ba, ba a gina su don tsayawa gaban maharan intanet ba. Kayan ɗakin gwaji ne. In wani ya ce zai bar kwamfutarsa a kunne a shago ta riƙe shafin kasuwancinka da wannan layin, kada ka biya shi.

In aiki ya nuna, Hajiya ta ce ya yi, sannan ne ake neman masauki. GitHub Pages da Netlify suna karɓar shafi tsayayye kyauta, kuma dosiyen nan da ka gwada shi za ka ɗora yadda yake. Mai son suna na kansa mai ƙarewa da .ci sai ya biya kuɗin rajista. A nan ne kawai data ta zama dole, kuma ɗorawa ɗaya ce ta aikin da aka riga aka tace, maimakon ɗorawa hamsin ta gwaji.

Saboda haka shirin na ranar da rezo ke nan ne. Ka sauko da Python, ka girka http-server in kana da Node.js, ka ajiye kwafin Bootstrap da haruffan da kake so a dosiye guda, ka zuba duka a kile. Ƙungiyoyin matasanmu da kwamitocin masallatai da ke da ɗaki da 'yan kujeru za su iya buɗe ajin koyon gina shafi da kwamfuta ɗaya, da waya ɗaya mai rabon haɗi, da wannan kilen, ba tare da sun ɗaura wa kansu biyan intanet duk wata ba. Iyaye kuma, in yaro ya ce ba zai iya aiki ba don data ta ƙare, a tambaye shi ko ya san localhost. In zai karɓi katin shaidarku ya yi sikan, a tambaye shi a wane dosiye zai ajiye.